Muciyar Inna a Cikin Tano

Akwai mutum ɗaya a danginmu da nake gaisarwa da baki kawai, kuma ya sani. Ƙanen mahaifina ne. Idan na je gida na tarar da shi a ƙofar zaure, nakan rusuna yadda aka koya mini, in ce ina kwana Baba, ya amsa, in wuce. Ba na tambayarsa ciwon ƙafarsa, ba na cin abin da ya fito daga ɗakin matarsa. 'Yan'uwa sun yi mini nasiha har sun gaji. Suna cewa bawan Allahn nan bai yi komai ba sai alheri. Nakan ce to, Allah ya ba shi ladan alherinsa, ni dai ba zan ƙara masa da godiyata ba.

Abin da ya haɗa mu suyar gyaɗa ce.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Illela da Badagishiri, kuma tun ina goye mahaifiyata, Inna, ita ce mai suyar gyaɗar garin. Matan da ke yin mai da ƙuli-ƙuli kowacce ta iya markaɗe da matsa, amma suya ba sa yarda da hannunsu. In gyaɗa ba ta soyu ba, mai ba ya fita sosai. In ta zarce, ƙuli ya yi ɗaci, a kai kasuwa a dawo da shi. Don haka da hantsi sai ka ga mata suna shigowa gidanmu da tasoshi a kai, su jere a gindin katanga. Inna tana da murhu na laka a kusurwar tsakar gida, da faffaɗan kasko na ƙarfe, da rairayi da take tankaɗewa da kanta, da muciya. Muciya muke ce mata ko da yake ta ƙarfe ce, doguwa, mai faɗin baki. Mahaifina ne ya sa maƙeri ya ƙera mata ita shekarar da aka kawo ta gidan, kuma da yake Inna bahaguwa ce, aka lanƙwasa bakin kaɗan ya dace da hannun hagu. Shekaru sun cinye bakin nan har ya ɗauki siffar cikin kaskon. Duk wadda ta ce za ta taya Inna juyi, ba ta daɗewa take mayar mata da abarta.

Kowace mace in an gama mata takan bar wa Inna ɗan rabo daga gyaɗar. Da wannan rabon aka saya mini kayan lakwal, wato makaranta, da shi ake gishiri da sabulu, da shi Inna take biki da suna ba ta tsaya jiran kowa ba. Ban taɓa ganin ta miƙa hannu ta karɓi kwanon wani ba. Ita ce dai ke aikawa. Kuma tsakar gidan nan ba ta rabuwa da mutane. A nan ake sasanta faɗan maƙwabta, a nan ake jin wa ke da ciki, wa ya dawo daga Najeriya hannu wofi. Akwai wata aminiyarta ta bayan gidanmu, wadda Inna ta yi wa wankan jego har sau ba adadi, ita ce kullum ta farko a layi, ita ce kuma ta ƙarshen tashi.

Ba zan ɓoye sauran ba, don masu kare ƙanen mahaifina da wannan suke fara magana. Hayaƙi ya ci idon Inna, kullum jajir. Tana tari. Kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka, kuma da sanyi sai an gasa mata ita kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Na sani, ni nake gasa mata kafin in yi aure.

Shi kuwa ƙanen mahaifina ya daɗe a Malbaza, wurin siminti, a sashen gyaran inji. Da ya bar aiki ya dawo gida da akwatin kayan aiki, da ɗingishi, da wa'azi guda ɗaya da ba ya gajiya da yi. Wai a can akwai wani dogon bututun ƙarfe a kwance, inda ake gasa dutse. Wuta tana wuri ɗaya ba ta motsi, bututun ne ke juyawa a hankali dare da rana. Ba wanda ke shiga ya motsa dutsen, tukunyar ce ke juya kanta. Daga nan ya ɗauko ƙa'idarsa: duk aikin da ke ba mutum wahala, a duba wane sashe ne ke motsi, wane ne ke tsaye, sai a musanya su. Mai tsayuwa ya yi tafiya, mai tafiya ya tsaya. Ya fara da dutsen wasa wuƙa. Kowa a garin dutse yake ajiyewa a ƙasa ya yi ta goga wuƙa a kai. Shi sai ya samo dutse mai zagaye ya haɗa shi da tsohon keke, dutsen na gudu, wuƙa na riƙe wuri guda. Abin ya yi, maza suka yi ta kawo masa lauje da adda, kansa ya ƙara girma. Mahaifina yakan ce wata rana yaron nan zai ɗaure jaki a gida ya ce gona ta taso ta zo.

Tun lokacin idonsa yake kan kaskon Inna. Ya fake da wasan da ke tsakanin mace da ƙanen mijinta, ya shigo ya tsaya a kanta, ya ce matar yaya tana kashe kanta a banza, kasko ne ya kamata ya yi yawo, muciya ta zauna. Inna takan ɗaga masa muciyar da zafinta ta ce ya matso ta nuna masa wanda zai yi yawo. Mata su yi dariya, ya fita. Muddin mahaifina na da rai, a nan maganar take tsayawa.

Mahaifina ya rasu bayan kaka, daidai lokacin da gyaɗa ta cika kasuwa kuma aikin mai ya kankama. Na taso daga Ƙonni, inda nake aure, mijina ya yarda in zauna da Inna har ta fita takaba. A garinmu ba a kai wa mai takaba aiki, ita ma ba ta hura babbar wuta. Malamai sun sha faɗa cewa addini bai hana ba, amma ba macen da za ta fara a ce da ita aka soma. Aka kife kasko, aka jingine muciya a bayan ƙofar ɗaki. Inna ta zauna a tabarma da carbi, hannun hagunta yana ta motsi a kan cinyarta ba ta ma sani ba.

Ba a daɗe da watsewar masu gaisuwa ba ƙanen mahaifina ya shigo. Bai kalli Inna ba, ni ya yi wa magana don ta ji. Ya ce matan garin sun shiga damuwa, wasu har sun fara ɗaukar gyaɗarsu zuwa wani ƙauye, kuma in aka bari suka saba da can ba za su dawo ba. Shi zai kafa wani ɗan abu a ƙofar gida ya riƙe mata mutanenta kafin ta fito. Haka ya ce, ya riƙe mata. Inna ta ce Allah ya saka da alheri. Ni kuwa na ga yadda ya kalli murhun nan da zai fita, irin kallon da mahauci ke yi wa akuyar da ba a riga an sayar masa ba.

Ranar kasuwar Badagishiri ya ɗora tano, wato duron ƙarfe, a amalanken jaki, ya kai wurin mai walda. Ya dawo da shi an yanka masa ƙofa a ciki, an sa masa mariƙi a gefe. Ya kwantar da shi a kan ƙafafun ƙarfe biyu, ya haƙa ramin wuta a ƙarƙashi. A zuba gyaɗa, a rufe, a hura wuta, mutum ya tsaya a gefe yana juya mariƙi. Duk garin ya fito kallo.

Gyaɗar farko ta ƙone, kuma na ji daɗi har cikin raina. Tanon yana juyawa, amma cikinsa sumul ne, gyaɗar ba ta birkicewa. Sai ta taru wuri ɗaya tana zamewa a ƙasa, ta ƙasan ta zama gawayi, ta saman ɗanya. Ƙauri ya tsallako katanga ya same mu a ɗaki. Na yi dariya a fili, karo na farko tun rasuwar. Ya sake gwadawa da rairayi, ta ƙone. Ya rage wuta, ta ƙone a hankali. Na riƙa fita da buta kamar mai wani uzuri, don kawai in ga fuskarsa da fuskokin matan da aka ƙona wa jari. A raina na ce su ɗanɗana, gobe sa san darajar hannun da suke kawo wa aiki.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta san matan nan ɗaya bayan ɗaya, ta san wadda tasa guda ce duk abin da ta mallaka. Ranar da aka ƙona ta aminiyarta ko abincin rana ba ta ci ba.

Washegari ya aiko matarsa wai a ara masa muciya zai duba wani abu. Na ce ba a aronta. Inna ta kira ni ciki ta ce in ba da. Na ce mutumin nan ba ya taɓa abu ya bar shi yadda ya same shi. Ta ce ba za a ce tana cikin takabar mutum ta hana ɗan'uwansa guntun ƙarfe ba, kuma wataƙila so yake ya riƙa buɗe ƙofar tanon yana motsawa da ita, ko gyaɗar mutane ta tsira. Na ɗauko na miƙa wa matar, ban ko dube ta ba.

Tanon ya sake tafiya Badagishiri ya dawo. Da aka hura wuta aka fara juyi, sai ƙarar ta sake. Da can shuu kake ji, shuu, ƙarar abu mai zamewa. Yanzu kuwa ƙara ce mai yayyafi, ba ta yankewa, irin wadda na tashi ina ji daga kaskon Inna. Ƙamshi ya biyo baya, ƙamshin gyaɗar da ta soyu daidai. Inna ta tsayar da carbinta ta saurara. Can ta ce, to, ya samu. Ba ta tambayi muciyarta ba.

Ni na tambaya. Na aika, aka ce tana aiki. Na sake aikawa, aka ce tana aiki. Rannan da la'asar, bayan an kashe wuta, na yafa mayafi na fita. Yana zaune da abokansa a gindin tanon. Na gaishe su, na wuce kai tsaye na buɗe ƙofar na leƙa.

Ga ta nan. Ya ratsa wata sandar ƙarfe ta tsakiyar tanon, ya ɗaure ta gam a jikin ƙafa ɗaya yadda ba za ta motsa ba, tanon ne ke zagaya ta. A jikin sandar nan aka liƙa muciyar Inna da walda, kai a ƙasa, bakinta ya kusa taɓa cikin tanon. Doguwar ƙotar an yanke ta, an bar abin da bai fi kamu ɗaya ba. Ya taso da ɗingishinsa, baki har kunne, yana yi mini bayani kamar na zo koyo. In tano ya juya, sai ya kwaso gyaɗa ya kawo ta bakin muciya, ta hau, ta birkice, ta zubo baya. Wai lanƙwasar nan ta hagu ita ce ta gyara komai, don tana tura gyaɗar gefe, ba ta barin ta taru. Wai ya gwada ƙarfe miƙaƙƙe bai yi ba.

Na ce, "Baba, aro anka ba ka."

Ya ce, "Aro na, ɗiyata. Ga ta nan, ba ta ɓace ba. Da ita ka yawo kasko na zamne, yanzu ta zamna kasko na yawo. Aikin dai guda na. Mi yar rage?"

Na ce, "Hannun da ka riƙon ta."

Abokansa suka yi dariya, ɗaya ya ce 'yan birni ba su da kunya. Daga nan ban san iyakar abin da na faɗa ba, amma na san na ce ƙasar kabarin wansa ba ta gama bushewa ba ya shiga ɗakin Inna ya yanke abin da wan nasa ya ƙera mata. Na ce mai riƙe wa mutum abu ba ya kai shi wurin walda. Na ce da mahaifina na da rai da ko inuwar muciyar nan bai isa ya taka ba. Dariya ta tsaya. Shi ko a jikinsa. Ya ce baƙin cikin rashi ne ke magana, a ƙyale ni. Wannan haƙurin nasa na gaban mutane ya fi zagi ƙona mini rai.

Ban gaya wa Inna an yanke ƙotar ba. Ba ta bukaci in gaya mata ba, gari ƙarami ne.

Abin da ya fi ba ni haushi, har gobe, shi ne dabarar tasa daidai take. Na zauna na juya ta ta kowace fuska ko zan samu inda ta gaza, ban samu ba. Zagaya mariƙi ya fi miƙa hannu cikin kasko sauƙi, don nauyin tanon da kansa yana taya ka. Zafi ba ya tserewa, itace kaɗan ya isa. Hayaƙi yana can, fuskarka tana nan. Abin da Inna za ta soya kashi-kashi tun hantsi har azahar, tanon zai haɗiye shi a zubi ɗaya. Kuma ba ya bukatar gwani. Duk abin da hannun Inna ya sani na yadda ake kwasowa daga ƙasa a birkice, yanzu yana liƙe a jikin sanda, kowane sakarai ya kama mariƙi zai yi shi. Lokacin saukewa kawai ya rage, shi ma sai a buɗe ƙofa a ɗebo 'yan ƙwayoyi a murza a gani.

Sai ya kafa rumfa. Sai aka kawo tabarmi. Matan da suka yi shekaru suna zama a tsakar gidanmu suka koma ƙofar gida, hirar ma ta bi su can. Muna ɗaki muna jin dariyarsu ta bayan katanga. Da farko in sun gama sukan shigo su gaida Inna, zannuwansu na ƙamshin suya, su ce ai ba kamar hannunta ba, Allah ya kawo ranar fitarta. Daga baya gaisuwar ta koma daga bakin ƙofa. Na daina shimfiɗa musu tabarma, na daina kawo ruwa. Inna ta yi mini faɗa, ta ce mutum ba ya fushi da wanda ya bi sauƙi. Na ce ni ina yi. Aminiyarta ce kaɗai ta ci gaba da zama, amma ita ma sai ta ajiye tasarta a zaure kafin ta shigo, wai don kada mu gani.

Da fitar takaba ta matso na je na same shi, wannan karon a gaban dattijon gidanmu, wani tsoho da ba a yi masa musu. Na ce a dawo wa Inna da abinta. Na shirya faɗa, na kwana ina tsara abin da zan faɗa. Sai kawai ya ce ai ba komai, ranar kasuwa za a cire. Aka cire kuwa. Mai waldan ya ɗora ta a kan ƙarfe ya zana siffarta, ya yanka wata, ya lanƙwasa, ya liƙa a gurbinta, har ya yi ta ajiya. Kafin azahar an gama. Abin da na ɗauka babu irinsa a duniya, ashe aikin safiya ɗaya ne. Tanon ko yini bai yi a zaune ba. Ya aiko mini da guntun a cikin kwano, an cika kwanon da soyayyar gyaɗa, wai a ba Inna ta ɗanɗana. Na juye wa awaki.

Kasuwa ta gaba na shiga mota da kaina na kai guntun wurin wani maƙeri, ba wancan mai waldan ba. Na gwada masa tsawon ƙotar da hannuna. Ya haɗa mata sabuwa, wurin haɗin ya yi ƙulu kamar karayar da aka ɗora ba daidai ba. Na kawo wa Inna. Ta karɓa da hagu, ta auna nauyinta, ta juya ta a iska yadda take yi a kasko. Ta shafa ƙulun da babban yatsa. Ta ce gindin ya fi da nauyi, amma za ta yi.

Ana gobe za ta fita takaba, ƙanen mahaifina ya shigo bayan la'asar, ya tsuguna daga nesa. Ya ce yana so matar yaya ta huta. Ta yi wa garin nan aiki iyakar yi. Abincinta da suturarta suna wuyansa, wansa ya bar masa amanarta. In kuma zaman ya ishe ta, ga rumfa, ta fito ta zauna ta riƙa faɗa musu lokacin saukewa, a ba ta girmanta. Inna, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa zama a ƙofar gida inda maza ke wucewa ba.

Ta ce, "Na gode. Gobe in Allah ya kai mu ni hura wutata."

Ya ce hayaƙin nan shi zai ƙarasa ta. Na ce ai hayaƙin bai dame shi ba sai da ya ga akwai abin ci a bayansa. Ya juyo ya dube ni, kuma wannan karon babu haƙurin nan nasa.

"Ke kina Ƙonni," ya ce. "Mu ka jin tarinta."

Gaskiya ya faɗa. Ɗakinsa yana jikin nata, ni kuwa sai salla da salla nake zuwa. Tun daga ranar ƙiyayyar ta zauna mini sosai, don ba abin da ya kai mugu ya riƙe gaskiya a hannunsa ciwo. Ya tashi ya fita. Inna ta ce in ɗebo laka in shafe tsagar da murhu ya yi.

Da safe ta yi wanka, ta sa tufafin da aka ɗinka mata, aka yi addu'a, aka raba sadaka. Mutane na watsewa ta cire mayafin ta ɗaura tsohon zanenta na aiki. Ta share tsakar gida da kanta har gindin katanga inda ake jera tasoshi. Ta tankaɗe rairayi. Muka ɗaga kasko muka wanke muka ɗora. Ta jera itace yadda take jerawa, manya a ƙasa, ta hura. Ba ta aika wa kowa ba. Ba wanda bai san ranar ba, yawancinsu ma da su aka yi addu'ar.

Rairayi ya yi zafi. Ta riƙa juya shi da muciya shi kaɗai don kada ya ƙone wuri guda. Na shimfiɗa tabarmi, har da sabuwa, na cika randa. Muka zauna. Ana jin takun mutane ta bayan katanga, ana jin ana sauke tasoshi, amma a waje. Duk takun da ya matso zaure sai Inna ta gyara zama, in ya wuce ta ƙara itace. Rana ta ɗaga, inuwar katanga ta janye daga kan tabarmin. Ban yarda na dube ta ba, ita ma ba ta dube ni ba. Abu ɗaya na lura da shi, tanon bai fara ƙara ba. A raina na ce ko kunya ta kama shi, ko matan sun tsaya suna shawara.

Sai aka yi sallama. Aminiyarta ce. Inna ta amsa da ƙarfi, har ta ɗan miƙe. Matar ta shigo ba tasa a kanta. Wani tsingaro ne a hannunta, guntun fasasshiyar tukunya. Ta durƙusa, ta yi wa Inna barka da fita, ta yi wa mamaci addu'a, idonta a ƙasa. Sannan ta ce mai tanon ya tafi duba ƙafarsa bai bar ashana ba, mata sun taru tun ɗazu, sai suka hangi hayaƙi a nan.

"Wuta munka zo ɗiba," in ji ta.

Na miƙe tsaye. Na san abin da zan ce mata, da wankan jegon, da shekarun, da komai. Inna ta ce, "Zamna." Ba ta ɗaga murya ba, amma na zauna.

Ta zura muciyar cikin murhu, ta zaɓo garwashi mai kyau, ta ɗora a tsingaron. Ta sake zurawa ta ƙara mata wani. Ta ce ta kare shi da hannu, akwai iska a zaure, kada ya mutu kafin ta kai. Matar ta tashi ta fita da sauri, ba ta waiwayo ba.

Inna ta zauna tana kallon kaskon. Can ta fara zare itatuwan ɗaya bayan ɗaya, tana turmusa kan kowanne a ƙasa har ya mutu, tana jerawa gefe don girki. Ba ta gama ba ƙarar tanon ta taso ta bayan katanga. Ta jingine muciyar, ta ce in naɗe tabarmin kada rana ta ci su.

Ba ta sake hura murhun nan ba. Damina biyu suka narkar da shi, kaji suka ƙarasa. Tarinta ya ragu, idonta ya washe, kuma wannan ita ce hujjar da 'yan'uwa ke kawo mini duk lokacin da maganar ta taso. Na roƙe ta ta dawo Ƙonni wurina, ta ce ba ta barin ɗakinta. In na je yanzu nakan same ta ita kaɗai a tsakar gida, an share tas, ba kowa. Da azahar kwano yakan zo daga ɗakin matarsa, a rufe da faifai. Inna takan tashi ta karɓa da hannu biyu, ta ce a yi godiya. Sai ta buɗe, ta turo mini, ta ce in sa hannu.

Nakan ce na ƙoshi.